Ɗingishin Manyan Karnukan Gadi

Masu sayen manyan karnukan gadi irin su Rottweiler, ku riƙa lura da ƙafafun gaba. Kwikwiyo ɗan wata 5 zuwa 12 da ya tashi daga kwance yana ɗingishi, yana karkatar da gwiwa waje, ba lallai ƙaya ya taka ba. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwar. Idan ɗaya ya riga saura tsawo, sai su riƙa gugar juna har wani ɓalli ya tsinke a ciki.

Ku kai shi likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashi. Wani karen aiki za a yi masa a cire ɓallin, wani rage ƙiba da hana tsalle ya ishe shi. Don Allah kada a ba shi ibuprofen ɗinmu, guba ne gare shi. Ciwon kuma ana gadonsa, saboda haka kada a bar karen da ke da shi ya yi barbara.