Mota Tana Ɗaukar Kaya, Ba Ta Ɗaukar Ciniki

(Jawabin da ɗaya daga cikin mambobin farko ta yi a taron cikar ƙungiyarmu shekara 10)



Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, iyayena da yayyena da ƙannena 'yan ƙungiya, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da Ya nuna mana wannan rana. Waɗanda muka fara da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Lissafin shekara dai Ma'aji ta karanta, kowa ta ji da kunnenta, ba sai na maimaita ba. Ni labarin tashina daga Yakasai zan ba ku, domin akwai roƙon da nake so in ɗora a kansa.

Da yawanku kun san gidan da muka zauna a can. Shekara 14 ina matsar man gyaɗa ina suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gidan nan. Ban taɓa ɗora wa yarinya talla ba, masu saye ne ke sallama da kansu. Mai ƙosai ta aiko da kwalbarta da asuba, mai tsire ya aiko a kai masa ƙuli na yaji, kasuwar Rimi kuma ga ta nan kusa. A ƙarshen 2022 mai gidan ya ce ya sayar, ya ba mu wata uku. Maigidana ya zaga cikin gari, kuɗin haya ya fi ƙarfinmu, sai a Mariri muka samu daidai aljihunmu.

Ranar tashi, akori-kura ɗaya ta kwashe komai: gado, kasko, turmi, manyan robobi, har murhu. Na zauna a gaban mota ina cewa a raina ai sana'a a hannuna take, duk inda na je da abata zan je. Ashe ban sani ba. Kasko ya bi ni, ciniki bai bi ni ba.

Satin farko na soya gyaɗa kwano goma kamar yadda na saba. Na murje, na bakace, na aika inji, na zuba ruwan ɗumi ina juyawa har mai ya taso, na mulmula tunkuza na soya. Aiki ya yi kyau, wallahi. Na zauna jiran sallama, shiru. Kowace mace a layin tana da wadda take saye a wurinta tun kafin in zo, ba ta kuma da dalilin barinta saboda baƙuwa. Ga Dawanau inda muke saro gyaɗa ta koma can ɗaya gefen garin, sai na ratsa Kano gaba ɗaya kafin in kai.

Ina cikin wannan sai ga canjin kuɗi. Kun tuna farkon 2023, da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi ana gudunsu, sababbi babu su. Wanda zai sayi ƙuli na ɗari, da me zai biya? Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin man fetur. Kuɗin a-daidaita-sahu ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi. Na fara cin uwar kuɗi. A cikinku babu wadda ba ta san ma'anar wannan ba.

Ba ni kaɗai tashin ya taɓa ba. Samarina biyu, da muna Yakasai, da ƙafa suke zuwa filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata kallon Kano Pillars. Ni ba ƙwallo na sani ba, amma daga yadda suka turo ƙofa nake gane ko an ci mu ko mun ci. A 2022 ɗin nan Pillars ta faɗo daga babbar gasa, ƙungiyar da ta ɗauki kofi sau huɗu, uku ma a jere daga 2012 zuwa 2014. Ƙaramin ya dube ni wata rana ina ƙirga kwalaben da ba a saya ba, ya ce, "Umma, mu da Pillars tare muka faɗo." Na yi dariya har da hawaye, hawayen kuma ba duka na dariya ba ne. A 2023 Pillars ta koma matsayinta. Ya ce, "To Umma, saura ke."

Abin da ya buɗe mini ƙofa a Mariri, ba za ku yarda ba, kwarashi ne. Tun ina budurwa nake saƙa, ban taɓa sayarwa ba, abin ɗebe kewa ne bayan isha'i. Da zaman banza ya ishe ni na koma kansa. Maƙwabciyata ta haihu, na saƙa hula da safa na kai mata barka, na haɗa da ƙuli a leda. Ranar suna mata suka cika gida, ana ta tambayar wa ya saƙa wannan, wa ya soya wancan. Daga wannan sunan na samu masu saye uku na farko. Don haka, ƙannena, ɗan abin da kike yi don jin daɗinki, kitso ne, lalle ne, ɗinkin hula ne, kada ki raina shi. Baƙuwa tana buƙatar abin da za ta shiga gidan mutane da shi a hannu.

Yanzu ga inda maganar take. A cikin waɗannan watanni na daina zuwa taro. Ba raini ba ne. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya kusa kai zubin kansa, ga kunyar in zo hannu wofi. Dokarmu kuwa, wadda da ni aka rubuta ta, ta ce duk wadda ta yi fashin taro uku a jere ba uzuri, a cire sunanta. Na yi huɗu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na ɗauka shi ke nan.

Wata Asabar da hantsi sai na ji sallama. Ma'aji ce, da littafinta a jaka, ta yi ta tambaya layi-layi har ta gano gidan. Hajiya, ban taɓa yi miki godiya a gaban mutane ba, yau na yi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dubi kwalaben, ta ce, "Nawa ya rage a jarin?" Na faɗa mata gaskiya. Ta kai maganar gaban kwamiti, aka ba ni rance, aka kuma sa ni cikin sarin gyaɗa na haɗaka, mota ɗaya ta ɗauko mana buhuna, kowa ta biya rabonta na kuɗin dako. Rancen nan na biya shi cikin wata takwas, yana nan a rubuce. Yau yara biyu nake koya wa aikin.

To amma ku duba littafin rajista. Akwai 'yan'uwanmu da aka ja wa layi a kan suna ba don sun ci amana ba, sai don aure ya kai su wata unguwa, ko an yi wa miji canjin wurin aiki, ko haya ta kore su kamar ni. Ni an biyo ni. Su ba a bi su ba. Kuma yawancinmu a nan gidan haya muke, ba wadda ta san ranar da za a ba ta wata uku.

Roƙona guda uku ne. Na ɗaya, wadda ta tashi daga unguwa a ba ta wata shida ba a ƙirga mata fashin taro, muddin ta sanar da Sakatariya. Na biyu, a yarda ta turo zubinta ta waya ko ta wurin mai POS zuwa asusun ƙungiya, ta aiko da shaidar biya. Na uku, kafin a soke sunan kowa, a tura mutum biyu su je su gan ta da ido.

Na san damuwar wasu iyayenmu, kuma suna da gaskiya: wadda ta yi nisa, in ta karɓi rance ta yi shiru, wa zai bi ta? Kuɗin nan guminmu ne, ba na gwamnati ba. Shi ya sa na ce rance dai kada a ba ta sai mambobi biyu na kusa sun tsaya mata sun sa hannu, kamar yadda aka yi mini. A tsare kuɗi, amma kada a yar da mutum.

Hajiya Shugaba, ina roƙon a sa wannan a ajandar taron wata mai zuwa, a tattauna, a kaɗa ƙuri'a. In an ƙi, ban yi fushi ba. In an yarda, ni na ɗauki gefen Mariri da Hotoro, duk wadda ta koma can ni zan je in nemo ta. Zumunci dai a ƙafa yake.

Ƙulin da ke kan faranti a gabanku nawa ne, ku ci, kada ku ji kunya. Wadda ta ji ya yi mata, ta san inda nake.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya raya mana zuri'a, Ya ba kowa muhalli nata na kanta, Ya maimaita mana.