Bambaro da Marranzano: Kiɗan da Ba Shi da Ubangida

Laccar da aka gabatar a gaban malamai, ɗalibai da masu sana'a na Karaye da Rogo

 

   

Da aka ce zan yi magana a kan kiɗan gargajiya, na san da yawa sun zaci tambari da kakaki zan ɗauko, ko in bi tarihin Narambaɗa da kotsonsa, ko Shata da kalangunsa. Waɗannan suna da masu yi musu magana. Ni na zaɓi wani ɗan abu da bai fi tsawon yatsa ba, wanda ake jefawa a aljihu, wato bambaro. Abin da nake son tabbatarwa shi ne: kiɗan da ba shi da ubangida shi ke fara ɓacewa, kuma ba ya dawowa sai an haɗa mutum uku, maƙeri da makaɗi da mai rubutu. Shaidata kuwa daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya zan kawo ta.

Yadda bambaro yake

Ƙarfe ne ake lanƙwasawa, kansa ya yi zagaye, ƙafafunsa biyu su miƙe kusa da juna. A tsakaninsu akwai siririn harshe na ƙarfe, an kafe gindinsa, an bar bakinsa yana lilo. Mai kaɗawa yakan ɗora ƙafafun a kan haƙoransa, ya ɗan buɗe su, sannan ya riƙa taɓa bakin harshen da yatsa.

Abin lura shi ne, harshen nan murya ɗaya tak gare shi. Duk sauran abin da kunne ke ji, bakin mutum ne ke yin sa. A cikin wannan murya ɗaya akwai ƙananan muryoyi a jere, wata sama da wata. Idan mai kaɗawa ya buɗe kogon bakinsa kamar zai ce "o", ta ƙasa ce ke fitowa. Idan ya matse kamar zai ce "i", ta sama ta fito. Numfashi kuma shi ke ƙara ƙarfi ko ya rage. Ga al'ummar da harshenta ke tafiya da hawa da saukar murya, wadda ta saba jin kalangu yana kiran sunan mutum, wannan ba baƙon ilimi ba ne.

Raina kama ka ga gayya. A Shimao ta ƙasar Sin an tono irinsa na ƙashi da ya kai shekara 4,000. A Indiya ana kiransa morsing, yana zama a gefen manyan ganguna. A Ostiriya, Albrechtsberger, malamin da ya koyar da Beethoven, ya tsara masa kiɗa tare da manyan kayan kiɗan Turawa. Mutanen Yakutiya ta Rasha sun gina masa gidan tarihi a birnin Yakutsk. A wajenmu kuma, David Ames da Anthony King sun sa bambaro cikin jerin kayan kiɗan Hausawa a littafinsu na 1971.

Labarin Sisili

Yawancinmu a rediyo muke jin sunan Sisili, idan ana labarin matasan da suka bi ta Agadas da Libiya suka hau teku. Amma tsibirin ya daɗe da sanin Afirka. Musulmi daga Tunisiya sun sauka a can a 827, suka ci Palermo a 831, mulkinsu bai gama faɗuwa ba sai 1091. A Palermo ne Al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, inda ya ambaci Gana da Kanem.

Mutanen Sisili suna kiran bambaronsu marranzano, kuma maƙera ne ke ƙera shi da hannu. Ba kayan fada ba ne. Makiyaya ne ke kaɗa shi a bayan tumaki, da masu amalanke da ke kwana a hanya suna kai alkama da gishiri daga gari zuwa gari. Masu amalanken nan suna da waƙoƙinsu masu jan murya, marranzano yana riƙe musu gindin waƙa. A wajen rawa kuma yakan haɗu da sarewar kara da suke kira friscalettu, da wata faffaɗar ganga mai fuska ɗaya da ake kira tamburello.

Sai zamani ya juya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci suka shigo, kamfanin Piaggio kuma ya fito da kekensa mai ƙafa uku a 1948, kakan A-Daidaita-Sahun da muke hawa. Amalanke ta koma kayan ado, masu ita suka watse, matasa suka tafi ƙwadago arewacin Italiya da Jamus. Marranzano ya rasa hannun da ke kaɗa shi. 'Yan fim suka ɗauke shi. Ennio Morricone ya sa muryarsa a fim ɗin kaboyi na 1965, wasu kuma suka mayar da shi alamar 'yan mafiya, har ya zama da an ji shi sai a tuna da kisa. A kasuwa kuwa aka cika rumfuna da na jabu don masu yawon buɗe ido, waɗanda ba sa ko fitar da murya.

Abu biyu suka cece shi. Na farko, a 1954 Alan Lomax daga Amurka da Diego Carpitella na Italiya sun bi ƙauyukan Sisili da na'urar ɗaukar murya, suka naɗi talakawa suna kiɗansu tun kafin su ƙare. Na biyu, a 2005 wani masanin kiɗa, Luca Recupero, ya kafa bikin marranzano a birnin Kataniya, inda ake gayyato makaɗa daga ƙasashe, a zaunar da maƙera su nuna aikinsu, a koya wa matasa. Ku lura da tazarar: shekara 51 tsakanin naɗar murya da bikin. Ba don an adana ba, da jikokin ba su sami abin koyo ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya ajiye ta.

Mu fa?

Kiɗan Hausa an gina shi ne a kan ubangida. Sarki yana da tambari da kakaki da algaita. Mahauta suna da kalangu, maƙera dundufa, mafarauta garaya, manoma gangar noma. Kowane makaɗi ya san wanda yake yi wa, ya san inda riga da hatsi za su fito, ɗansa kuma ya gaje shi. Da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, waɗannan aka kira aka naɗa, shi ya sa har gobe muna jin Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge.

Bambaro ba ya cikin wannan tsari. Ba a roƙo da shi, ba a yi masa liƙi, ba shi da sarkin kiɗa, muryarsa ma ba ta cika dandali. Mutum kansa yake yi wa, ko abokin da ke zaune kusa. Haka sarewar makiyayi take, haka shantun 'yan mata, haka bushe-bushen da yara ke yi da karan dawa bayan girbi. Irin wannan kiɗa ba shi da gidan gado, don haka ba shi da mai kuka idan ya mutu. Yau yaron da ke kiwo a bakin madatsar Challawa, ko mai gadin rake a Rogo, waya ce a aljihunsa. Ba laifin waya nake gani ba. Amma yaron zamanin da shi ke yin kiɗansa, na yau saurare kawai yake yi, kuma tsakanin mai yi da mai saurare akwai ilimin da ke zubewa.

Na san malamanmu suna da maganganu a kan hukuncin kiɗa, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fagensu ne. Maganata a kan tarihi take. Sanin yadda kakanninmu suka sarrafa ƙarfe da kara da numfashi sanin kanmu ne.

Abin da za mu iya yi

Na farko, ɗalibai. Wayar da ke hannunku ta fi na'urar Lomax sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Ku je wajen kakanninku, maza da mata, ku gaishe su, ku nemi izini, ku tambaye su abin da suke busawa ko kaɗawa suna yara, wa ke yin sa, da wane lokaci. Ku rubuta sunan gari da ranar da kuka naɗa, domin muryar da ba a san inda ta fito ba rabin amfaninta ya tafi.

Na biyu, maƙera. Wanda ke ƙera lauje da fartanya ba zai kasa ƙera bambaro ba. Wahalar tana wuri biyu: harshen ya zama mai tauri da dawowa, kuma ratar da ke tsakaninsa da ƙafafun ta zama ƙanƙanuwa ƙwarai ba tare da sun taɓa juna ba. Ina roƙon Sarkin Maƙera ya sa yaransa su gwada, makarantu kuma su saya, domin sana'a ba ta rayuwa da yabo sai da ciniki.

Na uku, iyayen ƙasa. Tunda Masarautar Karaye a yau ta ƙunshi Karaye da Rogo, tana da ikon tara abin da aka samo wuri ɗaya, ta aika da kwafi Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da Jami'ar Bayero. A ranakun hawa da bukukuwan makarantu kuma a ware wa ƙananan kayan kiɗa ɗan lokaci kafin manyan ganguna su karɓe fili. Aikin ba ya bukatar kwangila. Yana bukatar a fara tun masu sanin suna raye, kuma a cikin wannan zaure akwai dattawan da za a iya fara tambaya yau, kafin a watse.

Shugaban taro, nan zan tsaya don a sami lokacin tambayoyi.