Ɗaurin Dami Da Matse Fayiloli A Layin Umarni



Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne wata hasara da muka gani da idonmu bara. Wani abokin karatunmu ya so ya haɗa babobin kundin digirinsa wuri ɗaya, sai ya rubuta tar -czf babi1.txt babi2.txt, ya manta bai sa sunan damin a gaba ba. Ita kuwa kwamfuta ba ta tambaya. Harafin f na nufin sunan da ya biyo bayansa shi ne na damin, saboda haka ta shafe babi na ɗaya, aikin wata uku, ta zuba damin a gurbinsa.

Shi wannan tar tsohon hannu ne. Ya fito cikin Unix bugu na bakwai a 1979, domin kwashe fayiloli zuwa kan tef. Aikinsa irin na manomi ne ranar girbi, watau ya tara zangarniya ya ɗaure dami, amma ba ya rage nauyin kome. Mai matsewa dabam yake, shi ne gzip, wanda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992. Dabararsa kuwa, in ya ga jerin haruffa ya maimaitu, ba ya sake rubuta shi, sai ya sa alama mai cewa a koma baya kaza a kwafo kaza, bisa hanyar Lempel da Ziv ta 1977. Sa'an nan ya ba haruffan da suka fi yawa gajeruwar lamba, bisa hanyar Huffman ta 1952. Don haka rubutu yakan ragu ƙwarai, alhali hoton JPEG da bidiyon MP4, waɗanda an riga an tatse su, da ƙyar su ragu. Mai matse su wahalar banza yake yi.

To, ga yadda ya kamata. A ɗaure da tar -czf kundi.tar.gz kundi, sunan dami a gaba. Kafin a kwance damin da wani ya aiko, a leƙa cikinsa da tar -tzf kundi.tar.gz, domin tar yakan danne fayil mai suna iri ɗaya ba sallama. In an gamsu, a buɗe sabuwar folda, a kwance a can da tar -xzf kundi.tar.gz -C sabuwa.

'Yan'uwa ma'aikata sun fi sabawa da zip, wanda Phil Katz ya ƙirƙiro a 1989, kuma ba mu raina shi ba. Shi yana matse kowane fayil shi kaɗai, saboda haka in wani wuri ya lalace, sau da yawa ana ceto sauran. A tar.gz kuwa matsi ɗaya aka yi wa dukan damin, ya fi ƙanƙanta, amma ɓarna a tsakiya takan tafi da abin da ke bayanta. A ra'ayinmu, wanda zai aika takardu ofis, inda galibi Windows ake amfani da shi, ya yi zip -r takardu.zip takardu, mai karɓa ya duba da unzip -l.

Sauran abu ɗaya. In aka ce gzip babi2.txt, yana gama matsewa zai kawar da na asalin, sai fa an ƙara masa -k. Kuma kafin a share kome, a gwada lafiyar damin da gzip -t kundi.tar.gz. In ya yi shiru, lafiya lau ke nan.