Lafiya Uwar Jiki: Jawabi ga Taron Zumunta a Turba

 Mun gode wa waɗanda suka taso daga Isa da Sabon Birni duk da halin da hanya take ciki. Yau za mu yi magana a kan gudu. Gudun tsira da rai mun san shi a shekarun nan, amma na yau gudun motsa jiki ne.

Wani zai ce, "Fasto, wanda ya yini a gona, me zai yi da gudu?" Yana da gaskiya. Iyayenmu a ƙasar Gobir ba su nemi wani motsa jiki ba. Da damina suna noma, da rani suna fadama, kasuwa a ƙasa suke zuwa, samari kuma ga kokawa da langa bayan girbi. Amma tun wajen 2019 da 2020, da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Sabon Birni da Isa, da yawa cikinmu sun bar gonakin nesa. Mun taru cikin gari, muna yini a gindin dogon yaro, tafiya kaɗan sai mu hau babur. Jiki ya zauna, zuciya kuwa ba ta huta da damuwa ba.

Bara wani dattijon ikilisiyarmu ya faɗi yana shirin zuwa sujada. Da aka kai shi asibiti aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Bai taɓa sanin yana da shi ba. Da muka je gaishe shi, ya ce mana abin da yake marmari kawai shi ne ya taka da ƙafarsa zuwa ƙofar gida. Mun koma gida da kunya, domin muna da ƙafafu biyu lafiyayyu amma ba mu taɓa yin godiya dominsu ba. A makon nan muka fara fita, mu huɗu. Ranar farko ba mu yi minti 5 ba muka tsaya muna haki.

Hawan jini yakan zauna shekaru bai nuna alama ba. Idan awo yana kai 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, sai a ga ma'aikacin lafiya. Motsa jiki yana ƙarfafa zuciya, yana rage hawan jini, yana taimakon jiki ya sarrafa sukari, yana kuma kawo barci mai daɗi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada cewa babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi, kamar gudu. Wato minti 25 sau uku a mako.

To, me zai sa mu dage? Ga abin da muka koya.

Na ɗaya, kada mutum ya yi shi kaɗai. Ranar da kasala ta kama ka, ɗan'uwa yana bakin ƙofa yana sallama, dole ka tashi. Akwai kuma wani dalili. A ƙasarmu yau, idan aka ga mutum a guje da asuba, unguwa duka za ta firgita. Saboda haka mu sanar da mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi, mu gayyace su ma. Mu jira gari ya waye, mu tsaya a fili cikin gari, kada kowa ya nufi daji.

Na biyu, a fara da kaɗan. Gudu minti 1, tafiya minti 2, a maimaita. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya manyanta, ko mai ciwon sukari ko na zuciya, ya fara zuwa awo. Idan ƙirji ya yi zafi ko jiri ya zo, a tsaya nan take.

Na uku, a lura da lokaci. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, don haka sai da sassafe, a kuma sha ruwa. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa, mai asma ya huta.

Na huɗu, rashin kuɗi ba hujja ba ne. Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren kilomita 42 a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960 ba takalmi. Mu dai saboda ƙaya da kwalba, tsohon kambas ya isa. Iyaye mata da gudu bai yi musu ba, su haɗu biyu ko uku su yi tafiya da sauri.

Yanzu mun kai goma sha ɗaya. Ranakun Talata, Alhamis da Asabar muke fita, idan mun gama kuma mukan biya mu gai da dattijon nan. Ya fara takawa da sanda, yana ƙirga mu, yana tambayar wanda bai zo ba. Ranar Talata da ƙarfe 6:30 muna jiran ku.

Ubangiji ya ba mu lafiya, ya kawo salama a ƙasarmu. Amin.