Jawabi Kan Sayen Lilo Da Kayan Wasan Yara A Gidajenmu



Malamanmu, dattawan unguwa, iyayenmu mata da 'yan'uwa 'yan kasuwa, mun gode da halartar wannan zama. An ce mu yi magana kan koken da mata suka kawo wa ƙungiya, wato a samar wa ƙananan yara abin wasa a cikin gida don su daina fita bakin titi.

Kowa ya san yadda Sabo ta cika. Tun 1916 da aka yanka wa kakanninmu wannan wuri a Ibadan ƙasar ba ta ƙaru ba, mu ne muke ƙaruwa. Filayen da aka yi langa da gaɗa a kansu duk sun zama shaguna. Yaro ya leƙo ƙofar gida, ga 'yan acaba, ga motocin da ke gangarowa daga Mokola. Kai yara Agodi kuwa sai dai da Sallah. To koken mata gaskiya ne.

Amma jama'a, kafin a tambayi kuɗin lilo, a fara auna tsakar gida. Lilo yana son fili gabansa da bayansa ninki 2 na tsayinsa. In sandar sama ƙafa 7 ce, to a bar ƙafa 14 gaba, 14 baya, da ƙafa 6 kowane gefe, babu bango, babu murhu, babu rijiya, babu igiyar shanya. Gidaje nawa ne a nan suke da wannan? Kaɗan ne. Wanda ba shi da fili ya haƙura da lilo, ya yi ɗan abin hawa da zamiya, tsayinsa kada ya wuce ƙafa 4 in yaran ba su kai shekara 5 ba.

Sai ƙasa. Mafi yawan raunin da yara ke ji a wajen wasa daga faɗuwa ne, kuma tsakar gidajenmu siminti ne. Yaro ya faɗo da ka a kan siminti, Allah ya kiyaye, ba maganar ɗori ake ba. A fasa daɓen wurin, a zuba yashi mai zurfin ƙafa 1, a riƙa ƙarawa bayan damina. Da dare a rufe shi da buhu saboda kyanwa da awaki. Kuɗin yashin nan a sa shi a lissafi tun farko, in babu shi a dakata da sayen.

Game da irin kayan, mu da muke kasuwa mun san araha ba ta ado. Na roba ɗin nan na tokumbo masu launi suna da kyaun gani, amma rana tana cinye roba har ta tsage ta yanki yaro, kuma yaro ɗan shekara 6 ya fi ƙarfinsa. Katako sai iroko, in ba haka ba gara da ruwan ƙasar nan za su gama da shi. Mu a ganinmu, ga gidan da ake haihuwa kusan kowace shekara 2, a sami mai walda ya yi firam mai ƙarfi da bututun da ba ya saurin tsatsa, a binne ƙafafunsa da kankare. Firam ɗaya zai yi wa wa da ƙane da na goye in ya taso. Mazaunin kawai ake canjawa: mai makari gaba da baya don ɗan yaye, fale don manya. Kada a sa zamiya ta ƙarfe a rana, tana ƙona cinya.

A gaya wa mai walda ya goge duk wani kaifi, ya rufe bakin ƙugiya ruf. Duk tazarar da ke tsakanin inci 3 da rabi zuwa inci 9 haɗari ce, don jikin yaro zai shige, kansa ya maƙale. Iyaye mata, wannan taku ce: yarinya ta dawo daga Islamiyya, a cire mata hijabi kafin ta hau, haka laya ko duk wani zare a wuya. In da taya aka yi lilon, a huda ta ta ƙasa, kada ruwa ya kwanta mu yi kiwon sauro da kuɗinmu.

Fenti ma a tambaya, don wasu fentin mai suna da dalma, yara kuma komai baki suke kaiwa. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kusan 400. A sayi wanda aka rubuta babu dalma a jikin gwangwaninsa.

Shawararmu ita ce gidaje 3 ko 4 maƙwabta su haɗa kuɗi su kafa guda ɗaya a gidan da ya fi fili, da yardar mai gida, a kuma yi karɓa-karɓa wajen sa ido, domin 'yar shekara 8 ba mai tsaron yara ba ce. Masu sha'awa su auna filinsu, tsawo da faɗi, su kawo wa sakatare kafin zama na gaba, sai mu je wurin mai walda tare mu yi ciniki ɗaya.

Allah ya raya mana zuriya.