Madatsar Kubanni da Amanar Dashen Itatuwa

Jawabinmu na yau a kan ruwa ne da itace.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru, wadda aka buɗe a 1962, tana samun ruwa daga madatsar kogin Kubanni. 'Ya'yanmu na Ikara da Makarfi da Kudan masu karatu a can, da shi suke alwala. To, binciken malaman jami'ar ya nuna laka da yashi suna cike madatsar. Dalili kuwa, an sare itatuwan gaɓa, an nome har bakin ruwa, sai ruwan sama ya kwashe ƙasar ya zuba ciki.

Jami'ar tana dasa itatuwa da damina, kuma abin yabawa ne. Amma mu faɗi gaskiya: ranar dashe ba ita ce aikin ba. Daga Nuwamba zuwa Maris babu ruwan sama, akuya kuma ba ruwanta da biki. Maɗaci ko dalbejiyar da ba a killace ba, ba a shayar da ita rani biyu ba, almubazzaranci ne kawai. Hadisin Anas a Bukhari da Muslim ya rataya ladar sadaka ga abin da aka ci daga shuka. Wadda ta bushe fa, wa zai ci?

Abin da ya sami Kubanni yana iya samun fadamun rakenmu. Saboda haka muna kira ga kwamitin kowane masallaci ya dasa itace 10 kacal, ya naɗa wanda zai riƙa juya musu ruwan alwala har damina ta dawo.