Hoto Ba Ya Magana Sai An Ba Shi Baki

(Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a taron ƙungiya bayan dawowa daga dogon hutu)



An umurce ni da in yi magana a kan ɗaukar hoto a lokacin tafiye-tafiye. Ni dai ba gwani ba ne, amma abubuwa biyu sun faru a kan idona cikin hutun nan, waɗanda nake so mu yi nazarinsu tare.

Na farko, wani yayana, ma'aikacin gwamnati, ya je hutu tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, ya dawo da hotuna fiye da 300 a wayarsa. Muka zauna da daddare yana nuna mana farin rairayi da itatuwan kwakwa da gonakin kanumfari. Can sai ga shi tsaye gaban wani babban coci yana murmushi. Na tambaye shi ina ne nan, ya ce oho, ginin ne kawai ya ba shi sha'awa. Da na bincika, sai na tarar a kan filin tsohuwar kasuwar bayi aka gina cocin nan, kasuwar da aka rufe a 1873. Kanumfarin ma da ya ɗauka, bayi ne suka yi ta wahalar nomansa a ƙarni na 19. Tsohon garin da ya yi yawo a ciki kuwa, tun 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma yayana ya dawo da mabuɗin a aljihu bai buɗe kome ba.

Na biyu, laifina ne. Mun tafi gandun namun daji na Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, da niyyar ganin giwaye da yin wanka a ruwan Wikki, mai ɗumin kusan digiri 31 rani da damina. Kafin mu kai ƙofar shiga ta Mainamaji, motarmu ta lalace a wani ƙauye. Na hangi wata tsohuwa tana sussuka a gindin rumbu, na ɗaga waya ba ko sallama. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ɗan nan, ni ma cikin namun dajin nake?"

Jama'a, kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Na durƙusa na ce, "Iya, ki gafarce ni." Ta yi dariya, ta ba ni ruwa, ta gaya mini mijinta marigayi ne ya gina rumbun da hannunsa, kuma yau babu saurayin da ya iya irin wannan gini a garin. Daga nan ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce in ɗauka. A duk hotunan tafiyar, wannan kaɗai na kai aka wanke, na rubuta sunanta da sunan garin da kwanan wata a bayansa.

Abin da na koya shi ne, hoto bebe ne, mai ɗaukarsa ke ba shi baki. Saboda haka kafin ka ɗauki mutum, yi masa sallama ka nemi izini. Kafin ka bar wuri, tambayi sunansa da tarihinsa ka rubuta. Sa'an nan ka zaɓi kaɗan ka wanke, domin waya takan faɗa ruwa, ɓarawo kuma yakan ɗauke ta. Ku dubi tsofaffin hotunan iyayenmu: waɗanda aka yi wa rubutu a baya har yau suna ba da labari, sauran kuwa ba mai sanin ko su wane ne a ciki.

A ƙarshe, ga roƙona. Muna sha'awar tsibiran nesa, alhali soraye da zauruka da rumbunan ƙauyukanmu suna rushewa, bulo da kwano suna maye gurbinsu. Ina ba da shawara kowannenmu ya dawo daga hutu mai zuwa da hotuna 10 na garinsu, kowanne da bayaninsa, ƙungiya ta baje su a zauren nan. Idan mu da muka yi karatu ba mu adana kamannin gidajenmu ba, wa muke jira?